Taken da Na Ɗora wa Ɗaurarren Yarima

Ko da zan manta da komai na aikin nan, ban da ranar da aka kira ni fadar wani hakimi a ƙasar Bakura saboda kiɗan da bai kai minti ɗaya ba. Ku da kuka shigo aikin bana, ku saurara, don na ga kuna yawo da na'urar ɗaukar sauti kamar masu kamun fara.

Lokacin mu biyar ne a wani ɗan ofis a Talata Mafara, muna haɗa wasan waya da Hausa. Shugabarmu Injiniya Sa'adatu ce, mace mai tsari wadda ba ta son a ce mata "na zaci". Ni ne mai sauti: kukan dodo, ƙarar sarƙa, takun doki, duk ni ke nemowa. A wasan, mai wasa yakan zama mafarauci, yana faɗa da dodanni yana tara mabuɗai bakwai. Wanda ake son cetowa shi ne Yarima Tunau, magajin sarauta da baffansa ya ɗaure a kurkuku cikin wani birni da ruwa ya cinye. Wannan birnin, daga hirar tsofaffin Maradun kan garuruwan da dam ɗin Bakolori ya shanye muka samo shi. Mun saki kashi na farko da mabuɗai shida. Na bakwai, wanda zai buɗe kurkukun, muka ce sai kashi na biyu, don mutane su ƙagu.

Injiniya ta ce duk sanda aka nuna Yarima a sarƙa, tana son a ji kiɗan sarauta. Sai na tafi wajen Baba Labbo, Sarkin Kiɗan wancan hakimi, dattijo mai kiɗan kotso. Ƙa'idarmu ita ce ka zauna ka bayyana wa mutum inda za a sa sautinsa, ka karanta masa takardar izini, sannan ya dangwala. Ni kuwa rana ta yi, mai mashin na jirana. Na ce, "Baba, kiɗan ɗan sarki nake so." Ya rataya kotso ya buga, ya dangwala yatsa, na yi gaba ina jin kaina gwani.

Abin da ban tsaya na tambaya ba, ga shi kuwa a nan aka haife ni: kiɗan fada ba kiɗan kowa ba ne. Kowane mai sarauta da takensa, wato kiɗan da in an buga shi, ko ba a faɗi suna ba, gari ya san da wa ake. Baba Labbo taken ɗan sarki ɗaya ya sani, na babban ɗan ubangidansa.

Wasan ya karɓu. Ranar kasuwar Mafara sai ka ji taken yana tashi daga rumfar masu albasa. Ana cikin haka, lokacin girbin alkama, 'yan bindiga suka ɗauke babban ɗan hakimin a hanyar gonarsa ta bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Ba a yi kwana goma ba magana ta cika gari: Sarkin Kiɗa ya buga wa ɗan ubangidansa take a cikin sarƙa, ga shi bakinsa ya kama. 'Yan majalisa suka ce a karɓe kotson da rawanin sarautarsa. Kotson nan tun kakansa yake gidansu.

Sai ga saƙon kira daga fada ya iso ofis. Injiniya ta dube ni ta ce, "Ka karanta masa takardar?" Na ce ban karanta ba. Ta ce, "To tashi, tare za mu, amma bakinka ne zai yi magana." A hanya sau biyu na sa aka tsaya, wai zan yi fitsari. Tsoro ne kawai, ba na ɓoye muku.

Mun isa da hantsi. Baba Labbo na zaune can bakin ƙofa, kansa ba rawani, an ajiye kotson gaban hakimi kamar kayan sata. Muka zube muka yi gaisuwa da jaje. Hakimin ya rame, idonsa jawur. Ya ce, "Wane na ad da kiɗin nan cikin waya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ne. Baba bai san inda za a sa shi ba. Ban gaya masa ba."

Baba Labbo bai ɗago kai ba ya ce, "Allah shi ba ka nasara, ɗan sarki yac ce. Ni ko ɗan sarki guda nas sani duniya."

Hakimi ya ce a nuna masa. Na matsa da gwiwa na kunna masa wasan a waya. Ga Yarima Tunau zaune a duhu, sarƙa a ƙafa, ruwa na ɗiga, take na tashi. Na jira a ce a fita da ni. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni abin da ban shirya masa ba.

"Yaushe za shi hita?"

Na ce sai an samu mabuɗi na bakwai.

"Ina shi ke?"

"Ranka shi daɗe, ba mu ƙera shi ba tukuna."

Ya ɗago ya dube ni. "Kun ɗaure ɗiyan mutane kunka tai gida kunka yi kwana, babu ko mabuɗi?"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Injiniya ta ce za mu cire kiɗan a ranar. Ya ce a'a, wanda ya ji ya riga ya ji. "Ku tai ku hiddo shi. Labbo, ɗauki kotsonka. Kai kab buga mishi shina ɗaure, kai za ka buga mishi shina hita. In an yi haka, magana ta ƙare."

Aikin da muka tsara wa wata huɗu, cikin sati biyu muka gama shi, kullum ina fargabar kada mugun labari ya riga mu isowa daga daji. Na koma wajen Baba Labbo, wannan karon na karanta masa takardar har ƙasa, ya ce in daina cika shi da surutu. Ya buga taken da ƙarfin da sai da na rage na'ura.

Ranar da muka kai, hakimi bai iya danna waya ba, ni na yi masa wasan. Ƙofa ta buɗe, sarƙa ta zube, Yarima ya tako waje, kotso ya ɗauka. Ya ce, "Sake." Na sake. Sau huɗu ina fito masa da Yarima. A nan aka mayar wa Baba Labbo rawaninsa. Shi kuwa ɗan hakimin, sai da damina ta faɗi ya dawo, ba kuma zan ce muku wasanmu ne ya dawo da shi ba.

Abin da na koya bai da yawa. A ƙasar nan babu sautin da ba shi da mai shi, don haka kafin ka danna na'ura ka tambayi na wane ne. Mutanenmu kuma ba sa kallon ɗaurarre a matsayin wasa, don kusan kowane gida akwai wanda ake jira. Tun ranar, ko a zane ban yarda a ɗaure kowa ba sai na ga mabuɗin da idona.