Yadda Na Wanke Takardun Fam Na Mahaifinmu

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, ni kaɗai ne ɗan boko a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Bunkure, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Muna kwashe kayan ɗakinsa muka tarar da gwangwani cike da tsofaffin takardun kuɗi, fam-fam da sule goma-goma, na kafin zuwan naira. Na tura hotonsu ga wani mai tara irin waɗannan kuɗi a Kano. Nan take ya kira, ya faɗi farashi mai tsoka, ya ce zai zo ranar kasuwa.

Gonarmu tana can ƙarshen hanyar ruwa, ba ya isowa sai na gaba sun ƙoshi, ga tumatirinmu ya fara langaɓewa. Yayana ya ce kuɗin zai sayo mana injin ban ruwa, ya damƙa mini gwangwanin in adana. Da na ga takardun sun yi dauɗa suna warin daɗewa, sai kunyar baƙo ta kama ni. Na goge su da ruwan sabulu, na bi su da dutsen guga, na kai wani shago a Kura aka manne su da leda, yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta. Wallahi har murna nake yi.

Da mutumin ya zo, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta a rana. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, na ce ni ne. Ya ce tsufan nan da na wanke shi ya zo saye, ledar kuma ba za ta ɓamɓaru ba sai da fuskar takardar. Yayana ya roƙe shi ko rabi ya bayar, ya ce mu yi haƙuri, ya tashi. Yaya bai zage ni ba. Bokiti biyu ya ɗauka ya nufi gona, ya yi ta jido har kafaɗarsa ta saluɓe, tumatirin kuma bai rayu ba.

Abin da ke ci mini rai har yau, lambar mutumin tana cikin wayata duk kwanakin nan, girman kai ya hana ni tambaya. Don Allah duk wanda ya tsinci tsohon kuɗin iyayensa, ya bar shi da dauɗarsa, ya nemi masani. Ni da hannuna na ƙona mana noman shekara guda da dutsen guga.