Jikin Baba da Sauƙi

Ko da zan kai shekarun kakata, ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Juma'a a birnin Lome na ƙasar Togo, ranar da na ji labarin gidanmu a bakin mai fataucin barkono.

Ni ɗan Damari ne, ta ƙasar Sabuwa, kuma Faransanci na karanta a kwaleji. 'Yan garinmu sun sha yi mini tsiya a kan haka, wai Turancin ma da wa ya ƙare, balle na wasu. Baba kaɗai ya tsaya mini, shi ma yana da dalilinsa. A ƙuruciyarsa ya taɓa kora shanu zuwa Nijar, jandarmomi, wato 'yan sandan can, suka tsare shi wuni guda a rana suna zuba masa magana, shi kuwa ban da "to" ba abin da yake iya cewa. Har ya tsufa abin bai bar ransa ba. Da makaranta ta ce za a kai mu Togo mu yi zangon karatu ɗaya a cikin masu yaren, ya fi ni murna.

Ranar da zan tafi dawa ta kai ƙugu, Baba kuma yana fama da wani tari da bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya rako ni har bakin hanya yana dogara sanda. "Ka tahi ka koyo mani yaren jandarma," in ji shi. "In ka dawo ka zauna nan gabana ka yi ta yi, ko ban gane ba in ji daɗi." Na yi dariya na hau babur.

A Lome na gane cewa abin da na haddace a aji daban, abin da mutane ke yi a titi daban. Sukan saki magana kamar an ɓalle famfo, kafin in kamo kan ta sun kai ƙarshe. Malamarmu, wata dattijuwa mai tabarau, ta kafa doka: ba Hausa, ba Turanci, ko a ɗakin kwana. Na zama kurman ƙarfi da yaji. Mai sayar da burodi ta ƙofar makaranta sai ta sa na maimaita abin da nake so, ta kira maƙwabciyarta su yi dariya tare, sannan ta miƙo mini. Sau da yawa na yi niyyar haɗa kayana, sai in tuna mai sanda a bakin hanya in haƙura. Abin da ke riƙe ni shi ne wayar ranar Juma'a, in ji Baba yana tari yana tambaya ko bakina ya fara karyewa.

Ana nan sai aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar 'yan bindiga. Daga nan sai Yayana ya ci doguwar tafiya a kan babur har kusa da Zariya kafin ya same ni a waya. Kullum tambayata ɗaya, amsarsa ɗaya.

"Yaya, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Shina gaishe ka, ya ce ka dage."

Yanzu da na girma ina mamakin kaina. Ni da na tashi a cikin mutanen da ko majinyaci na shure-shuren mutuwa "da sauƙi" za su ce, yaya aka yi na yarda? Amma mai son abu ba ya bincike. Na karɓi sauƙin nan hannu biyu, na koma kan littafi.

Da zango ya zo ƙarshe Malama ta ce jarabawar baka ita ce kowa ya tashi ya ba da labarin gidansu. Ni ban sha wahalar zaɓe ba. Na shirya bayani a kan Baba: gonarsa, shanun huɗarsa, yadda yake murza ƙasa a tafin hannu ya faɗi ko shuka za ta yi. Na yi ta bita a gaban madubi har abokin ɗakina ya haddace. A raina kuwa ba don Malama nake yi ba, wannan ne karatun da zan zauna in yi wa Baba.

Juma'ar da ta rage kafin jarabawa na je masallacin unguwar Hausawa. Bayan sallama na ji wani dattijo a bayana yana magana da harshen gida sak. Daɗi ya kama ni, na juya na durƙusa na gaishe shi. Ya ce shi mutumin Yankara ne, barkono ya kawo. Kamar yadda manya suka saba, ya shiga tambayar asali: wane gari, wace unguwa, gidan wa? Ina faɗin sunan Baba sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Allahu akbar! Ashe kai ne na wajen karatu. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam, mutumin kirki. Ban samu jana'iza ba, amma na samu sadakar arba'in."

Wallahi murmushin gaisuwa bai bar fuskata ba tukuna. Na ce, "Alhaji, wane Malam?" Ya dube ni, ya saki hannuna a hankali, ya ce, "Subhanallahi. Ba su hwaɗa maka ba?"

Ban san yadda na koma makaranta ba. Na kira Yaya, na kira duk wata lambar Damari da nake da ita, ko ɗaya ba ta shiga. Ga ni a garin da ba wanda ya san Baba, ba tabarmar makoki, ba mai cewa sannu. Na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. An binne ubana tun ana karyar masara, ni ina nan ina washe baki a gaban madubi.

Ranar Litinin aka kira sunana. Ba ni da wani bayanin sai wanda na shirya, don haka na tashi na yi shi yadda yake. Na ce ubana manomi ne, yana da shanun huɗa, yana jiran in koma gida. Ko tuntuɓe ban yi ba. Ranar ce kaɗai Faransanci ya bi bakina kamar da shi aka haife ni. Malama ta cire tabarau ta tafa mini, ta ce in na koma in gaishe mata da wannan dattijo. Ban taɓa cin jarabawar da na tsana kamar wannan ba.

Na iso Damari an gama yankan dawa. Tun a mota na tanadi maganganun da zan zazzaga wa Yaya, ina shiga zaure na fara. Ya sunkuyar da kai. Inna ce ta ɗaga labule ta ce, "Bar ɗan'uwanka. Shi mai gidan ne ya tara mu ya ce ko mi ya faru kada a taɓa maka karatu. Wasiyya ce, mi kake so ya yi?" Sai fushin ya rasa inda zai sauka. Wanda ya yi mini laifin yana maƙabarta, kuma don ƙaunata ya yi.

Yau ina koyar da Faransanci a wata sakandare a Ƙanƙara, yara suna cewa na iya. Amma mutumin da na koyo dominsa bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma wannan ramin ba abin da ya cike shi. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, ɓoye wa na nesa mutuwa ba ya rage masa zafi, sai dai ya hana shi kuka tare da 'yan'uwansa. Ni dai ba na ɓoye wa matafiyi komai. In kuma na buga waya gaida marar lafiya aka ce mini da sauƙi, sai in ce na gode Allah, a miƙa masa wayar in ji muryarsa.