Gidan da Hauwa ta Fara Shiga

A gidanmu na Gadarif, can ƙasar Sudan, lokacin sanyi idan aka idar da magariba, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba, takan jawo kaskon gawayi kusa da gadonta na igiya ta ɗora shayi. Mu jikoki sai mu kewaye wutar. Yawanci labarin kura da zomo ne, amma akwai guda da kafin ta fara takan ce, "Ku gyara zama, wannan da idona na gani."

Wata shekara, in ji ta, 'yan fashi suka kama kwarin da ke bakin unguwarmu. Duk ɗan ƙwadagon da ya dawo daga yankan riɗi a gonakin Simsim sai sun zare masa wuƙa. Samarin unguwa ne, kowa ya san su, kowa ya yi gum. Har suka kashe Isiyaku, mijin Hauwa mai sayar da kisra, wato wainar dawa mai faɗi.

Ranar da Hauwa ta fita takaba, gidan da ta fara shiga shi ne na Saratu, uwar Bala, jagoran samarin.

"Yaya Saratu, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji Hauwa. "Ɗanki zai sake kashe wani, ko a kashe miki shi. Tashi ki raka ni."

Saratu ta daɗe kanta a ƙasa. Can ta ɗauki mayafinta.

Gida-gida suka bi. Duk wanda ya ga matan nan biyu tare a ƙofarsa sai ya kasa cewa ba ruwansa. Kafin Juma'a magana ta kai ga liman. Aka tsara magidanta su riƙa tarbar motocin 'yan ƙwadago a bakin kwarin, su raka kowa gida. Saratu da kanta ta nuna wa dattawa inda ɗanta ya ɓuya, aka miƙa shi ga hukuma. Duk shekarun da ya yi a ɗaure, Hauwa ba ta fasa aika wa Saratu kisra ba.

Na taɓa tambaya, "Habboba, ba ta ji haushin Saratu ba?"

"Ta ji mana, ya waladi, ɗana. Da haushin nata ta tafi."

Ina yaro, Hauwa kaɗai nake gani a labarin. Sai da na yi furfura, aka daɓa wa wani mai shago wuƙa a layinmu. Na san yaron da ya yi, da ubansa muke sahu ɗaya a masallaci. Mako uku ina kallon mutumin yana sunkuyar da kai, kafin na tuna da Saratu, na gane wataƙila shi ma jira yake wani ya zo.

Bayan la'asar na je na yi masa sallama. Ya leƙo, ya dube ni, ya ce, "Tsaya in sa takalmi."