Keken Bappa da Buhun Albasa

A duk faɗin Anaca babu ƙarfen da ya taɓa karyewa a hannun Shafi'u mai walda. Waɗanda suka karye, sai da suka bar rumfarsa suka karye.

Daga Aliero ya zo turin baro a Kasuwar Ose Okwodu. Da ya lura baro ya fi mai turinsa yawan jinya, sai ya koyi walda. Gwajinsa ɗaya ne: in ya gama liƙi, ya ɗora buhun albasa biyu, ya tura a gangaren bayan kasuwa. Abin da ya dawo lafiya ya ci jarrabawa.

Bara Bappa Muhammad Sani, dillalin albasa, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na hagu. Wata biyar bai je sallar Juma'a ba, kuma ba shi da zance sai nata. 'Yarsa Rahama ta samo keken guragu na gwanjo, mai naɗewa, da tsaga a ƙarfen da ya gicciye ƙarƙashin mazauni. Shafi'u ya liƙe, ya ɗora buhu biyu, keke ya je ya dawo.

Ranar Juma'a, suna hawa kwalta liƙin ya buɗe, tayar hagu ta karkace. Da kafaɗa Rahama ta tare mahaifinta.

"Malam Shafi'u, ba kai ka ce ya ɗauki buhu biyu ba?" in ji ta, da ta mayar masa da keken.

"Ya ɗauka. Baba kuwa ko buhu ɗaya bai kai ba."

Abin bai ɓata masa rai ba, ɗaure masa kai ya yi. Kwana uku yana zuwa gaida Bappa, ya zauna yana kallonsa a kujerar roba.

"Yaro, dubiya ka zo ko ciniki?" Bappa ya tambaya da harshensa da ya yi nauyi. "Shekara talatin ina auna albasa, yau kai ka auna ni da ita."

"Baba, ƙara gyara zama in gani."

Nan ya gano inda ya kuskure. Buhu a tsakiya yake zama. Bappa kuwa sulalewa yake yi hagu a hankali, nauyinsa duka ya taru kan ƙarfe ɗaya, ƙafarsa mai lafiya kuma tana dogara tana murɗa keken.

Ya koma rumfa ya ɗaure buhu a karkace, jikin hannun keken na hagu. Sau biyu yana karya liƙinsa da kansa, 'yan baro na kallo. A na uku ya liƙe giciyen gaba ɗaya, ya ƙara ƙarfe, ya matsar da tayar hagu waje. Buhu uku keken ya ɗauka a karkace, bai ko yi ƙara ba.

Ranar Alhamis aka tura keken zuwa gidan hayar Bappa. Yanzu ba ya naɗewa, kuma ya fi lungun da ke shiga gidan faɗi da yatsa huɗu.