Dattijo Mai Dashe a Gwangwani

A bakin kasuwa akwai wani dattijo mai sayar da dashen ganyen ƙamshi a gwangwanaye, irin wanda ake jefawa a tukunyar wake ko a dafa wa mai kumburin ciki. Hularsa a karkace, tabaraunsa ɗaure da zare, faratansa duk ƙasa. Ciniki yake kamar mai ba da riƙon ɗa, sai ya san hannun da zai karɓa.

Ga wata mata ta ɗauki gwangwani tana sunsunawa.

"Baba, safe da yamma zan riƙa ba shi ruwa."

"Ajiye, 'yata! Wannan ba ƙishi ke kashe shi ba, gata ne. Ki bar shi a rana, sai ƙasarsa ta bushe ki waiwaye shi."

Ta yi alkawari tana dariya, ya miƙa mata da ƙyar. Ina zaton gidansa ya yi shiru yanzu, 'ya'ya sun girma sun watse, saura waɗannan.

Tana juya baya ya kira ta, ya ɗauko butarsa, ya ɗan tsiyaya wa dashen ruwa.

"Guzurin hanya ne kawai," in ji shi, yana kau da kai.