Baba Taku-Ɗaya da Iyakar Fadama

A ofishin tsara gari na ƙaramar hukuma, bencin da ke bakin ƙofar sito na Baba Taku-Ɗaya ne. Nan ya zauna tun yana da baƙin gashi har kansa ya yi fari fat. Aikinsa shi ne kula da turakun siminti masu jan kai da hukuma ta kafa kewaye da fadamar bayan gari, don kowa ya san daga nan ba gini, ba zuba shara. Duk damina ruwa kan tumɓuke wasu, shanu su ture wasu. Da ruwa ya ja baya sai ya ɗaure diga da gwangwanin fenti a bayan keke, ya bi su yana mayarwa. Taswirar farko kuwa gara ta cinye ta tuntuni, saboda haka iyakar fadama a kansa take.

Yana son fadamar nan, wallahi yana sonta. Ya san inda bado ke fara tsirowa, ya san ramin da tarwaɗa ke ɓuya idan ruwa ya ƙafe. Kuma bai san cin hanci ba. Ciwonsa ɗaya ne, kunya. Mutumin nan ba ya iya kallon idon ɗan Adam ya ce a'a.

Yayarsa ce ta fara. Mijinta ya rasu, ta dawo da yara wani ɗan fili da ke bakin rafin da ke shayar da fadamar. Ranar da ya zo mayar da turken wurin, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Auta, ɗakin yara ya ƙi fita. Matsar da abin nan taku ɗaya."

"Yaya, aikin hukuma ne."

"Hukumar ce ta goya ka lokacin da Inna ta kwanta ciwo? Ko fadamar ce za ta kai ka ƙara?"

Ya sunkuyar da kai, ya haƙa ramin a inda ta nuna da ƙafa.

To, magana kuwa ba ta kwana ba. Telan da ke maƙwabtaka da ita ya zo da tasa buƙatar, mai wankin mota ya zo, tsohon malaminsa na firamare ma ya zo yana dogara sanda. Kowa taku ɗaya yake nema, wa zai mutu don taku ɗaya? Har sunan ya bi shi. Abokan aiki kan tsokane shi, "Baba Taku-Ɗaya, bana ina iyakar ta koma?" Yakan yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki. Kafin ya yi ritaya, katangu sun shaƙe bakin rafin, ruwan da ke shiga fadama bai wuce na kwata ba.

Yana zaune a gida aka aiko masa da mota. An yi sabuwar shugabar sashe, mace mai kaifin aiki, ta tashi daga kujerarta ta ba shi.

"Baba, hukuma ta fito da sabon tsari. Idan ba a buɗe bakin rafin nan ba, fadama ta tafi ke nan. Za mu koma iyakar farko, kai kaɗai ka san ta. Inda ka nuna, nan za mu ja layi. Duk ginin da ya faɗa ciki za a rushe, a ba mai shi wani wurin."

Kai, ka ga murna a fuskar tsohon nan! Ya ce a ransa Allah ya kawo ranar gyara.

Washegari ya shiga gaba, shugaba da masu awo suna biye. Bai yi kuskuren ko tafin hannu ba. Nan kututturen tsamiya, nan dutsen da mata ke wanki. Yana nunawa suna buga ƙusa, har suka iso bakin rafi. Iyakar gaskiya ta bi ta tsakiyar ɗakin da yayarsa ke kwana.

Tana zaune a bakin ƙofa a kan tabarma. Ta tsufa tukuf, ido ya tafi, amma kunne na nan. Ta gane jan ƙafarsa.

"Auta, kai ne? An ce za a tashe mu. Na ce musu ƙarya ne, ƙanena na raye."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi katangar da ta toshe ruwa, ya dubi hannunta da ke lalube a iska tana neman nasa. Sai ya ɗaga sanda, ya nuna bayan katangar, ya bar ɗakin a wajen layi.

"Nan ne."

Shugaba ta dube shi. "Baba, ka tabbata? A nan ne rafin ya fi matsewa."

"Na tabbata, 'yata."

Ta yarda. Me zai sa ta ƙi, mutumin da tun safe bai yi kuskure ba? Kuma layi idan ya karkace don gida ɗaya, dole ya ci gaba a karkace, in ba haka ba asiri ya tonu. Haka gidan tela ya tsira, wurin wankin mota ya tsira. Hukuma ta sa hannu, aka kafa sababbin turaku na ƙarfe, aka zuba musu kankare mai zurfi yadda ba mai sake motsa su. A wurin taro har tafa masa aka yi.

Bado ya fara ɓacewa, sannan kwaɗi suka yi shiru. Masu lambu suka tattara bokitansu suka bar wurin. Yanzu ƙwallo ake bugawa a tsakiyar fadamar, ƙura na tashi.

Har yau yana zuwa gaishe da yayarsa, amma ta hanyar kasuwa yake zagayowa, ko da ta fi nisa, don kada ya bi ta fadamar. Takan kama hannunsa ta ce, "Auta, ka rufa min asiri. Allah ya saka maka da abin da ka yi."

Sai ta kasa kunne tana jiran amin. Shi kuwa sai ya ce mata, "Yaya, ya ƙafar taki?"