Shekarar da Aka Karɓe wa Inna Raƙiya Mabuɗi Saboda Hawainiya

Kafin rana ta leƙo ta kan tuddan gabas, Inna Raƙiya ta riga ta ja guga ashirin. Haka take yi shekara ashirin da huɗu a gandun renon itatuwa na ƙauyensu, arewa kaɗan da Barmu. Tana sallame asuba sai ta ƙulle mabuɗin gandun a bakin zane, ta ɗauki garwa biyu, ta bi layin ledoji ɗaya bayan ɗaya: nan bagaruwa, can gawo, magarya a gefen inuwa, zogale kusa da rijiya. Tsiron da ya kwanta ta tokare shi da tsinke, wanda gara ta shiga ta barbaɗa masa toka. Duk itacen da ake shan inuwarsa yau a filin lakwal, wato makarantar boko, da bakin kasuwar garin, ta hannunta ya bi yana ɗan tsiro. Mako mai zuwa za ta ajiye aikin saboda ciwon gwiwa. Bai kamata ta tafi shiru ba, musamman da yake akwai shekarar da aka raba ta da wannan mabuɗi, mu kuma masu takardun boko muna tsaye muna kallo.

Abin ya faru ne da kakar shekaru biyu da suka wuce. Ranar kasuwa ce, Inna tana dawowa da ƙwaryar iri, sai ta tarar da maza sun yi da'ira a kan hanyar Tawa, kowa da dutse a hannu. Ahmed, mai kabu-kabu, shi ne ya taka hawainiya da babur bai gani ba. Ga ta nan a ƙasa, ƙafar baya ta karye, jikinta ya yi baƙi ƙirin, tana buɗe baki tana huci. Ahmed da kansa ya ba da labarin yadda Inna ta ratsa su.

"Mi tay yi muku?" ta tambaye su.

"Inna, ja da baya! In tac cije ki ba ta saki, kuma hannunki hwari za ya yi."

"Kai da kat taka ta, hannunka ya yi hwari? Ƙatti shida a kan abin da bai kai ludayi ba. Ku ba ni hanya."

Ta sunkuya ta ɗauke ta da hannu tsirara. Ahmed ya ce har yau in ya tuna sai tsigar jikinsa ta tashi, don shi tun yana ƙarami aka cusa masa cewa taɓa hawainiya ya fi taɓa kunama haɗari. Inna ta kwantar da ita a ƙwaryar iri, ta rufe da gefen mayafi, ta wuce abinta.

A gandu ta ɗaure ƙafar da tsinken kaba da zare, ta ɗora ta a kan bishiyar lalle da ke bakin rijiya, ta ajiye mata ruwa a kasko kamar yadda ake yi wa kaji. Kwana uku kaskon na nan cike. Hawainiya tana ramewa, idanunta suna faɗawa ciki, ga ruwa a gabanta ta ƙi kallonsa. Inna ta sauya kasko, ta sauya ruwan, ta ma kai shi bakinta, a banza. Rana ta huɗu, tana ba zogale ruwa, feshin garwa ya fantsamu a ganyen lallen. Sai ta ga dabbar ta juyo da ido ɗaya, ta ja jiki a hankali, ta fara lasar ɗigon da ke ƙyalli a bakin ganye. Ashe ba ta san ruwan da ke zaune ba, raɓa ta sani. Daga ranar, kowace safiya Inna sai ta tsoma hannu a garwa ta yarfa wa lallen sau bakwai ko takwas, ta tsaya har ta ga maƙogwaron yana motsi. Farar da za ta ciyar da ita kuwa, Inna ba ta kamo ta a gonakin wake inda ake feshin magani. Can bayan tudu take zuwa, inda ciyawa ta tsira da kanta, ta kamo biyar ko shida a leda.

Ba wanda ya koya mata wannan. Ido ta sa, ta yi kuskure, ta gyara.

Matan ƙungiyar da ke aiki a gandun ba su ji daɗi ba. Da hantsi in aka dama hura, ludayi yana zagawa sai ya tsallake ta. Wata ta hana jikarta zama a tabarmarta. Inna ba ta yi faɗa da kowa ba. Kowace safiya dai sai ta ware tafukanta a gabansu, ta juya su ciki da baya, ta ce: "Ku duba da kyau, ko yau sun hwara hwari?" Sannan ta ɗauki garwarta.

Bayan kamar kwana arba'in ƙafar ta kama, ko da yake ta ɗan karkace. Jikin ya koma kore shar. A lokacin ne Inna ta lura cikin dabbar ya yi nauyi. Wata safiya ta same ta a ƙasa, taki huɗu daga bakin rijiya, tana tona rami da hannuwan nan nata masu kama da hantsaki. Yini biyu tana tono, ta shige ciki, ta fito siririya, ta mayar da ƙasa ta daddale. Kwana kaɗan bayan haka ta haura darni ta koma daji, ba a sake ganinta ba. Inna ta gane abin da aka bar mata. Ta sassaro ƙayar magarya ta kewaye wurin, fili ne da bai fi tabarmar salla ba.

A wannan ranin ne wani aikin raya karkara ya amince zai gina wa gandun kwamin siminti na tara ruwa, abin da matan suka daɗe suna roƙo. Da aka zo awo, igiya ta faɗa daidai kan ƙayar Inna, don nan ne ƙasa ta fi laushi. Alhaji Tijjani, shugaban kwamitin gandun, ya tara mutane ƙarƙashin dogon yaro.

"Raƙiya, ki kwashe ƙayarki, gobe za a hwara haƙa."

"Alhaji, a matsa taki huɗu gabas. Akwai ƙwai a nan."

"Ƙwan mi? Zabuwa?"

"Hawainiya."

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce a tambaye ta ko za a yi suna, ya kawo rago. Alhaji bai yi dariya ba.

"Gabas dutse na, kin sani. Wa za ya hwasa shi? Ruwan mata talatin za mu tsaida don abin da ko Allah wadai ba a yi mishi? Ko ƙaya ta tashi, ko mabuɗi shi tashi."

Inna ta kwance bakin zane, ta ajiye mabuɗin a kan tabarma a gabansa.

"Ga shi. Ƙaya dai tana nan."

Mutum nawa ne a wurin nan suka sha zuwa taron kare muhalli a Tawa, suka dawo da riga mai hoton itace a ƙirji? Akwai malaman lakwal, akwai masu digiri da suka zo hutu. Ba wanda ya buɗe baki. Mun iya rubuta wa baƙi rahoto a kan dabbobin da ke ƙarewa a yankinmu na Adar, amma tsohuwa ɗaya ta tsaya wa guda a gabanmu, muka sunkuyar da kai muna latsa waya. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne.

Wanda ya yi magana baƙo ne: Habila, maginin da aka ɗauko daga Tawa, mutumin kudu. Ya ce shi ba ruwansa da gardamar gari, amma in aka fasa masa dutsen gabas cikin kwana goma, can zai gina, ginin ma zai fi ƙarfi. Alhaji ya ce to, wadda ta jawo ta fasa.

Washegari Inna Raƙiya ta ari diga. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, ba mabuɗi, sai ta jira wadda aka ba shi ta zo ta buɗe mata ƙofar da ita ta ɗaura da hannunta. Kowa ya san ƙasar Adar, diga na sauka tana dawowa da tartsatsi. Ta yi kwana biyar ita kaɗai, tafukan nan da aka ce za su yi fari suka farfashe suka yi jini. Habila ya ce ya sha ce mata, "Inna, ki huta," sai ta amsa, "Ɗana, kai dai shirya sumuntinka." Rana ta shida mata biyu suka zo da kwanduna suna kwashe tsakuwa. Rana ta bakwai Ahmed ya jingine babur ya karɓi digar. Rana ta tara rami ya kai yadda magini ke so.

Kwami ya ginu, ruwa ya taru, amma ba a mayar mata da mabuɗi ba. Wata takwas tana zuwa kamar 'yar aro. Duk da haka ba ta fasa layin ledojinta ba, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai ta ɗan yayyafa ruwa a gefen ƙayar don kada ƙasa ta ƙone. Ana yi mata kirari da uwar hawainiya, ana nufin zolaya. Ta amsa sunan.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata safiya macen da ke riƙe da mabuɗi ta buɗe ƙofa, ta ƙwala ihu. A kan ƙayar da rassan lallen, ga 'yan hawainiya nan, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, suna rangaji a hankali, idanunsu na juyawa. Habila, da ya zo duba gininsa, ya ƙirga ashirin da uku. Garin ya zo kallo, har masu maganar rago.

Da la'asar Alhaji Tijjani ya taka har ƙofar gidanta da mabuɗi a hannu.

"Raƙiya, a yi haƙuri. Ga kayanki."

"Alhaji, ba nan anka karɓe shi ba. Gaban jama'a anka karɓa, gaban jama'a za a maido."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a aka sake taruwa ƙarƙashin dogon yaron, Alhaji ya miƙa mata da hannu biyu, kuma a yaba masa, bai ɓoye cewa shi ya yi kuskure ba.

Inna Raƙiya, ke ce kika nuna mana cewa tsoron da muka gada ba ilimi ba ne. Ke ce kika taɓa abin da maza shida suka kasa matsawa kusa da shi sai da dutse. Ke ce kika ajiye aikin shekara ashirin da biyu a kan tabarma saboda amanar da dabba ta binne ta tafi, ba ta ma san sunanki ba. Uwar hawainiya, mai fasa dutse! Mun gode. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ba ki inuwa gwargwadon wadda kika shuka.

Mu kuma da muka rage, kakar bana hawainiyoyi za su sake saukowa su ratsa hanyoyi da ciki, don lokacin tononsu ke nan. Mai babur ya sassauta. Malamin lakwal ya faɗa wa ɗalibansa gaskiya, cewa ba ta da dafi, fara take ci, farar da ke cin hatsinmu. Mai feshi ya bar wa gefen gona numfashi. In kuwa aka sake tara jama'a a kan wani mai gaskiya, wanda ya san daidai ya buɗe baki tun a ranar, kada ya jira sai ƙwai ya fashe.

Ranar Litinin Inna za ta miƙa mabuɗi ga wadda za ta gaje ta. A wannan karon ba wanda ya ce ta ajiye. Ita ta zaɓi ranar, ita ta zaɓi hannun.